Mutanen Karkara: Raguwa Suke Yi Ko Ƙaruwa?

Duk wanda yake zaune a Tudun Wada cikin birnin Sakkwato ya san yadda gari yake wayewa. Kafin rana ta fito 'yan ga-ruwa sun fara turo kurarsu. 'Yan kabu-kabu sun yi layi a bakin titi. Leburori sun tsaya da cebur da diga suna jiran mai gini. Ga masu yankan farce, ga masu gyaran takalmi, ga masu tallar rake. In ka tsayar da goma daga cikinsu ka tambaye su garinsu, da wuya ka sami biyu da aka haifa cikin birni. Wannan zai ce maka Gada, wancan ya ce Tangaza, wani Rabah, wani Sabon Birni, wani ma daga ƙasar Nijar ya ƙetaro.

Ganin haka ya sa mutane da yawa suke cewa ƙauye ya watse, kowa ya dawo birni. To amma in ka je ƙauyen da damina, sai ka tarar gona ba ta isar mutane. Ana rigimar iyaka, ana cinye burtali, ana nome makiyaya. Yaya za a ce wuri ya watse, kuma a ce ƙasa ta yi wa mutanensa kaɗan? Wannan ita ce tambayar da za mu duba a wannan wata. Sai mai karatu ya yi haƙuri da mu, domin akwai ɗan lissafi a ciki, amma ba mai wuya ba ne.

Abin da ƙidaya ta nuna

Da farko mu tuna cewa miliyan ɗaya shi ne dubu sau dubu. A ƙidayar jama'a ta 1963 an ce mutanen Nijeriya sun kai miliyan 55 da dubu 700. An yi gardama ƙwarai a kan wannan adadi, wasu suna ganin an yi ƙari. Ta 1973 kuwa gardamar ta yi tsanani har aka soke ta baki ɗaya. A watan Nuwamba na 1991 aka sake ƙirgawa, aka sami kusan miliyan 89. A watan Maris na 2006 aka sami miliyan 140. An shirya wata a 2023 amma aka ɗage ta. Masu ƙiyasi na Majalisar Ɗinkin Duniya sun ce a shekarar 2023 mun haura miliyan 220.

A wajen masu ƙidaya, garin da mutanensa suka kai 20,000 shi ake kira birni. Wanda bai kai haka ba karkara ne. Da wannan ma'auni, a 1963 cikin kowane mutum 100 na ƙasar nan kimanin 81 a karkara suke, 19 kawai ne a birni. A 1991 mutanen karkara sun koma 64 cikin 100. Bisa ƙiyasin Bankin Duniya, wajen shekarar 2018 birni da karkara suka yi kunnen doki, daga nan birni ya wuce gaba. A 2023 na karkara ba su fi 46 cikin 100 ba.

To a nan ne mutane suke ruɗewa. Daga 81 zuwa 64 zuwa 46, ai raguwa ce. Amma mu lissafa kawunan mutanen da kansu. Kashi 81 na miliyan 55 da ɗoriya, kimanin miliyan 45 ke nan. Kashi 64 na miliyan 89, kimanin miliyan 57 ke nan. Kashi 46 na miliyan 220 kuwa ya kai miliyan 100. Wato mutanen da suke kwana suna tashi a ƙauyukan Nijeriya sun ninka na 1963 har da ƙari.

Ga misali mai sauƙi. Magidanci yana da 'ya'ya 10, takwas suna gida suna noma, biyu suna birni. Bayan shekaru zuri'a ta yaɗu ta kai mutum 40. Yanzu 22 suna birni, 18 suna gida. Na birni sun fi yawa, gaskiya ne. Amma tukunyar gida da take ciyar da mutum 8 a da, yau 18 take ciyarwa. Halin da karkarar ƙasar nan take ciki ke nan.

Mu dawo gida. A 1963 Lardin Sakkwato yana da mutum miliyan 4 da dubu 300. Wannan lardi shi ne kusan duk ƙasar da ta zama jihohin Sakkwato da Kebbi da Zamfara. An fitar da Kebbi a 1991, Zamfara a 1996. A ƙidayar 1991 mutanen wannan yanki sun kai wajen miliyan 6 da rabi. A 2006 jihohin uku sun haura miliyan 10, Jihar Sakkwato ita kaɗai tana da miliyan 3 da dubu 700. Akasarin waɗannan mutane manoma ne da makiyaya da masunta.

Me ya kawo yawan?

Ba haihuwa ce ta ƙaru ba. Iyayenmu da kakanninmu ma masu haihuwa ne. Abin da ya sauya shi ne mutuwar yara ta ragu. Dattawa suna tuna agana, wadda take shiga gari ta kwashe yara, wanda ya tsira ta bar masa zane a fuska. Allurar rigakafi ta kawar da ita, a 1980 aka shelanta cewa ta ƙare a duniya. Kurkunu da yake kwantar da manomi a tsakiyar damina, a 2013 aka tabbatar babu shi a Nijeriya. Ƙyanda da tarin shiƙa suna nan, amma inda ake kai yara allura ba sa kisa kamar da. Wani babban bincike na lafiya da aka yi a 1990 ya nuna cikin yara 1,000 da aka haifa, wajen 190 ba sa kai shekara biyar. Irinsa na 2018 ya nuna 132. Har yanzu adadin yana da yawa, kuma a yankinmu ya fi na sauran ƙasa muni, amma an sami sauƙi.

Yunwa ma ba ta kisa irin na da. Kakalaba ta 1914 ta hallaka mutane masu yawa a ƙasar Hausa, domin a lokacin babu hanyar kawo hatsi daga nesa sai a bayan jaki da raƙumi. Yau mota tana kawo masara daga wata jiha cikin kwana ɗaya, in akwai kuɗin saye.

Binciken 2018 ɗin nan ya kuma nuna macen karkara a Nijeriya takan haifi 'ya'ya kusan 6 a rayuwarta, ta birni tsakanin 4 da 5. Saboda haka ko da mota tana ɗibar samari kullum zuwa birni, waɗanda ake haifa a ƙauye sun fi masu tafiya yawa.

Gona ba ta haihuwa

Mutum yana haihuwa, gona ba ta yi. Mu ɗauki wani manomi da ya rasu, bayan an fitar da tumunin matansa aka sami gona eka 12. Ya bar 'ya'ya maza 4 da mata 4. Kowane namiji zai sami eka 2, kowace mace eka 1. Uban ya ciyar da gidansa da gona mai faɗi. Ɗansa zai ciyar da nasa da eka 2. In shi ma ya bar 'ya'ya 8, jikoki za su raba abin da bai fi filin sussuka ba. Daga nan sai ɗaya ya sayi rabon sauran, ko kuwa duk su sayar wa wani mai kuɗi na birni, su koma ƙodago a gonar kakansu.

Da can manomi yakan noma gona shekara uku ko huɗu, ya bar ta ta zama saura, ta huta, ya share wata. Garken Fulani ya kwana a ciki da rani ya bar taki. A ƙasashen da ke kewaye da birnin Sakkwato, kamar Kware da Wamakko da Bodinga da Dange, an daɗe da barin wannan, domin mutane sun yi yawa tun zamanin da. A can kowace shekara ake noma gona, ana kai mata takin gida a mangala bisa jaki. Yanzu wannan matsi ya kai wuraren da a da ake ganin daji ba zai ƙare ba. Gandu ma ya yi rauni. Da wuya ka ga uba da 'ya'yansa magidanta biyar suna noma gona ɗaya suna ci daga rumbu ɗaya. Kowa ya ja nasa.

Ni a ganina yawancin rigimar manomi da makiyayi daga nan ta samo tushe. Burtalin da shanu suke bi shekara da shekaru, wani ya wayi gari ya shuka gero a kai don ba shi da wani wuri. Makiyayi ya zo bai ga hanya ba. Kowannensu yana da hujja, ƙasar ce ta yi kaɗan.

Cin rani ba sabon abu ba ne

Sakkwatawa sun daɗe da sanin hanya. Ruwan sama a nan wata huɗu ne, in ya yi yawa biyar. Sauran watannin wanda ba shi da fadama ko sana'a zaman banza zai yi, yana cin abin da ke rumbu. Shi ya sa da an gama girbi sai maza su ɗaure kaya. Tafiyar tana da amfani biyu: an rage baki a gida, an kuma samo kuɗin haraji da na sutura da na aure.

A ranin 1952 zuwa 1953 hukuma ta sa an tsaya a kan hanyoyi da mashigan kogi ana ƙirga masu fita daga Lardin Sakkwato. An ƙirga fiye da mutum 250,000. Akasarinsu 'yan lardin ne, wasu kuma daga ƙasar Nijar suka ratso. Wani Bature masanin ƙasa mai suna Prothero ya yi nazarin wannan ƙidaya ya buga. Da yawansu a ƙasa suke tafiya. Wasu su nufi gonakin koko na ƙasar Yarabawa, wasu haƙar kuza a Jos, wasu har Kumasi da Ankara a ƙasar da ake kira Gana yanzu. A ƙarshen 1969 gwamnatin Gana ta kori baƙin da ba su da takarda, Hausawa da yawa suka dawo, wannan hanya ta yi rauni.

Abin lura shi ne ɗan cin rani na wancan zamani yana dawowa. Da ya ga hadari ya fara haɗuwa a gabas, hankalinsa ya koma gida. Ana ƙirga shi a mutanen karkara domin can ne gidansa da gonarsa. Abin da ya sauya daga baya shi ne tafiyar ta daina ƙarewa. Wanda ya saba yin wata biyar ya koma yin shekara. Daga baya ya kama ɗaki, ya aiko a kawo masa matarsa. 'Ya'yansa suka tashi ba su san riƙon kalme ba.

Shekarun 1970 ne suka buɗe wannan ƙofa sosai. An yi fari mai tsanani daga 1972 zuwa 1974, dabbobi suka mutu, rumbuna suka bushe. A daidai lokacin kuɗin man fetur ya shigo ƙasa. Ma'aikata suka sami ƙarin albashin Udoji, gine-gine suka tashi ko'ina, lebura yana samun abin da gyaɗa da auduga ba sa ba shi. Sakkwato ta zama hedkwatar Jihar Arewa maso Yamma tun 1967, aka kafa jami'a a 1975, ga kamfanin siminti a Kalambaina. Duk waɗannan suna neman hannu. Farin 1984, wanda mutane suke kira 'Yar Buhari, ya sake koro wasu. Gwamnatoci sun yi ƙoƙarin tsayar da mutane a karkara. An yi shirin ciyar da ƙasa na 1976, an yi juyin noma na zamanin Shugaba Shehu Shagari, an kafa hukumar DFRRI a 1986 don hanyoyi da rijiyoyi da lantarki. An gina madatsar ruwa ta Bakolori da ta Goronyo don noman rani. Wasu sun amfana. Amma a Bakolori manoma da yawa sun rasa gonakinsu, da suka tashi neman diyya a 1980 aka yi asarar rayuka. Hanyar da aka shimfiɗa don a fito da amfanin gona kuwa, ita ce samari suka bi suka tafi.

Wani lokaci birni ne yake zuwa

Akwai mutanen da suka zama 'yan birni ba tare da sun ɗaga ƙafa ba. Ina yaro, in ka fita ta wajen Mabera ko Gagi gonakin gero za ka tarar. Arkilla da Dambuwa da Kwannawa da More garuruwa ne masu zaman kansu, tsakaninsu da birni akwai fili. Yau gini ya haɗe su. Birnin Sakkwato ya tsallake ƙananan hukumominsa biyu ya shiga ƙasar Wamakko da Dange-Shuni da Kware. Manomin da ke can ya kwana a ƙauye ya tashi a unguwa. Gonarsa ta zama fuloti. Wanda ya yi dabara ya sayi wata gonar a nesa. Wanda bai yi ba ya cinye kuɗin, yanzu yana gadin gidan da aka gina a inda yake shuka wake.

Haka kuma garuruwa irin su Illela da Gwadabawa da Tambuwal da Wurno da Isa. Sun zama hedkwatar ƙaramar hukuma, kasuwa ta bunƙasa, mutane suka ƙaru har suka wuce 20,000. A littafin ƙidaya sun fita daga karkara, ko da yake mafi yawan mazaunansu da damina gona suke wuni. Saboda haka in an ce kason karkara ya ragu, ba duka ne suka yi ƙaura ba.

Wannan sauyi ba a Nijeriya kaɗai yake ba. Wajen 2007 mutanen birane suka fi na karkara yawa a duniya baki ɗaya, karo na farko a tarihi. Ƙasar Sin ta kai wannan matsayi a 2011. A Japan akwai ƙauyukan da suka koma sai tsofaffi, gidaje a rufe, makarantu babu yara. Maƙwabciyarmu Nijar kuwa fiye da mutum 80 cikin 100 a karkara suke. Mu muna tsakiya: birni yana cika, ƙauye ma yana cika.

Masu gudun rai

Sai dai akwai ƙauyukan da suka watse da gaske, kuma ba neman kuɗi ya watsa su ba. Tarihi ya nuna zaman mutane yana bin zaman lafiya. A zamanin yaƙe-yaƙe mutane sukan taru cikin garuruwa masu ganuwa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya gina Sakkwato a 1809, ya kafa garuruwan ribaɗi irin su Wurno don tsaron iyaka, ya zaunar da jama'a a cikinsu. Bayan 1903, da hare-hare suka lafa, sai mutane suka riƙa fita suna kafa tunga da gidan gona kusa da inda suke noma. Ƙauyuka da yawa masu suna Gidan wane ko Tungar wane haka suka samo asali.

Ta'addancin 'yan bindiga ya juya wannan tafiya baya. Ya fara tsananta a Zamfara, ya shigo gabashin Sakkwato. A watan Yuli na 2018 aka kai hari Tabanni cikin ƙasar Rabah, waɗanda suka tsira suka taru a Gandi. A watan Oktoba na 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutane fiye da 40 suka rasu. Ƙasashen Isa da Sabon Birni sun sha wuya ƙwarai. Tun daga 2019 dubun dubatar mutane suka ƙetara zuwa Jihar Maraɗi ta Nijar. Wasu suka cika hedkwatocin ƙananan hukumomi. Wasu suka iso birnin Sakkwato, suka sauka a wurare irin su Ramin Kura, ko a kangon gini, ko a zauren ɗan'uwa.

Wannan ƙaura ta bambanta da cin rani. Ɗan cin rani namiji ne mai ƙarfi, ya bar iyali da rumbu a baya, ya san ranar komawa. Mai gudun hijira da mata da yara da tsofaffi yake tafe, wani lokaci ma matan ne kaɗai suka rage. Ya bar gona da shuka a ciki. Matan da muke gani da yara a bakin masallatai da shagunan Tudun Wada suna neman abin kai wa baki, da yawansu shekarun baya su ne masu ba da sadakar hatsi a ƙofar gidajensu. Kuma kowace gonar da aka bari ba a noma ba, ana jin ta a farashin kwanon gero a kasuwa.

Ranar da za a sake ƙirgawa

Da yawan jama'a ake duba rabon kuɗin da ake ba jihohi da ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan, cikinsu har da 23 na Jihar Sakkwato. Da shi ake yanka mazaɓu. Da shi ma'aikatar lafiya take sanin allura nawa za ta aika, ta ilimi ta san aji nawa za ta gina. Garin da aka rubuta mutanensa 800 alhali sun kai 2,000, rijiya ɗaya za a ba shi a maimakon uku.

A zamanin haraji da jangali mutane sun saba ɓoye kansu da dabbobinsu in sun ga malamin ƙirga, domin ƙirga tana nufin biya. Wannan tsoro bai gama fita daga zukatan wasu dattawa ba. Wasu kuma ba sa son a faɗi yawan 'ya'yansu, ko a ambaci matan gida. Ma'aikacin Hukumar Ƙidaya ba kuɗi yake karɓa ba, kuma wanda ba a rubuta ba babu kasonsa a lissafin hukuma.

Akwai wata matsala da ta shafi yankinmu musamman. A ƙa'idar ƙidayar Nijeriya, inda aka tarar da mutum nan ake rubuta shi. Ta 2006 a watan Maris aka yi ta, tsakiyar rani, lokacin da 'yan cin rani suke Legas da Ibadan da Fatakwal da Abuja, sai wanda ya yi ƙoƙari ya dawo gida. In aka sake yi alhali mutanen Isa da Sabon Birni da Rabah suna warwatse, za a rubuta su a Sakkwato ko a garin da suka fake. Waɗanda suke Maraɗi ba za su shiga lissafin ba sam. Ƙauyukansu za su fito a takarda da mutane kaɗan ko babu kowa, kuma da wannan takarda za a yi shekaru ana rabon makaranta da asibiti da rijiya, har bayan masu garin sun koma. Hakimai da dagatai da masu unguwanni su ne suka san gidajen da suka tashi da inda kowanne ya sauka. Ya kamata tun yanzu kowane mai gari ya sa a rubuta masa sunayen magidantan da suka bar ƙasarsa, da yawan iyalinsu, da garin da suke zaune, ya ajiye takardar a hannunsa kafin ma'aikatan ƙidaya su zo.